Zanen da Na Toshe Taga da Shi

Deptford, London
6 ga Janairu, 1975

Zuwa ga Yaya Dalyop,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya gida, yaya haƙuri? Yaya jikin Ngo, ta fara cin abinci? Uwa ce, na san abin ya fi yi mata nauyi. 'Yata Chundung fa, tana tambayata? Ni dai lafiyar jiki ina da ita, sauran kuwa Allah ya sani.

Na san zuwa yanzu akwatin gawar ƙanenka ya iso, don ofishin ɗaliban jiharmu sun ce sun sa shi a jirgin Talata. Ku yafe mini da ban biyo shi ba. A ƙasar nan idan mutum ya mutu haka kwatsam, akwai wani alƙali da suke ce wa coroner, sai ya zauna ya ji yadda aka yi. Sun ce in jira, zaman sai watan Maris.

Ka ce a wayarka in rubuto yadda abin ya faru. Baban Chundung ya samu aikin hutu a kamfanin motoci a Dagenham. Can yake kwana yana aiki, ya dawo da safe ya kwanta, ni kuma in fita wajen aikina na wankin kayan asibiti. Ranar Alhamis kafin Kirsimeti ya shigo yana tari, hannunsa kamar ƙanƙara. Na dama masa kunun acca, ragowar wadda Ngo ta aiko mana. Ya ce, "Dina, wannan kunu ne ko tuwo? Ga cokali ya tsaya a ciki kamar soja." Na ce in bai so ya ba ni kofina. Ya riƙe kofin gam yana dariya. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, a kan kunu.

Na kunna masa hitar kananzir ta ɗumama ɗaki da mai gidan hayarmu Mista Bernard ya ba mu, na ja ƙofa na tafi. Ƙarfe huɗu na dawo. Hitar ta mutu don kanta, shi kuma yana kwance yadda na bar shi. Na kira shi, na ja ƙafarsa. Yaya, ba zan iya rubuta sauran ba.

Likita ya ce wani hayaƙi ne da ba a gani. 'Yan sanda sun tafi da hitar. Mista Bernard tsoho ne, mutumin West Indies, direban bas da ya yi ritaya. Tun ranar nan yana zaune a matakala, ba ya kunna rediyonsa.

Ina kwana wajen maƙwabciyata Saudatu, 'yar Kano ce, mijinta yana karatun likita. Ba ta bar ni ni kaɗai ba ko sau ɗaya.

Ku sa ni a addu'a.

Matar ƙanenka,
Dinatu Dung


Kuru, ta Bukuru
19 ga Janairu, 1975

Zuwa ga Maman Chundung,

Alheri da salama. Wasiƙarki ta same mu. Mun binne Dung kusa da babanmu, a gindin dutse. Zumuntar Mata sun kwana uku tare da Ngo. Tana shan kunu kaɗan kaɗan. Chundung lafiya lau, haƙorinta ɗaya ya fita, ta ce a ajiye miki shi ki gani.

Na karanta maganar hitar nan, raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara takwas ina bishara, na ta'azantar da gidaje da yawa, amma yanzu na san ban san komai ba. Gwamnati ta samu arzikin mai ta tura yaronmu ya koyo aikin injiniya, sai ga shi an dawo mana da shi a akwati saboda tsohuwar hitar wani.

Ki buɗe Littafi Mai Tsarki, Fitowa sura ashirin da ɗaya. Allah ya ba Isra'ila doka a kan sa mai tunkuyi. Idan an riga an ja kunnen mai san, bai ɗaure shi ba, har san ya kashe mutum, to jinin yana wuyan mai san. A Kubawar Shari'a kuma ya ce wanda ya gina gida ya ja katanga a kan rufinsa don kada wani ya faɗo. Kin ga irin Allahn da muke bauta wa. Ba ya cewa tsautsayi ne a wuce. Ran mutum ɗaya yana da tsada a wurinsa, kuma yana tambayar wanda ya yi sakaci.

Wannan Bernard ba yaro ba ne, ya san halin hitarsa. Don haka ki tsaya gaban alƙalin nan kada ki ji tsoro, ki faɗa masa cewa shi ya ba ku. Ni ne babba a gidan nan yanzu, hakkin jinin ƙanena a kaina yake, kuma ba zan yarda ya tafi a banza ba.

Ngo ta ce ki riƙa rufe jikinki.

Wanki cikin Ubangiji,
Dalyop Jang


Deptford
2 ga Fabrairu, 1975

Yaya Dalyop,

Ina gaishe ku duka. Na gode da labarin Chundung. Ku ajiye haƙorin.

Wasiƙarka ta zo ranar Laraba. Tun ranar ban iya haɗiye abinci ba. Na buɗe wurin da ka ce, na bi shi da yatsa sau uku, don ka san karatuna a aji huɗu ya tsaya. Yaya, ni ce mai san.

Akwai abin da ban rubuta maka ba, kuma ban faɗa wa 'yan sanda ba.

Ranar da Mista Bernard ya kawo mana hitar, ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Sister, duk lokacin da kika kunna, ki bar taga a buɗe kaɗan." Na ji shi sarai. Da ya sauka na yi dariya, na ce wa Baban Chundung, "Ji tsohon nan, wa ke hura wuta ya buɗe taga? Waje za mu ɗumama?" Baban Chundung shi yana buɗewa idan yana nan da idonsa biyu. Ni ina ganin wauta ce.

Ranar nan da ya shigo yana tari, tausayinsa ya kama ni. Da barci ya ɗauke shi sai na rufe tagar. Na ɗauko zanen nan mai ruwan ganye da Ngo ta ba ni ranar tafiyarmu, na cusa shi a duk inda iska ke shigowa. Akwai wani bulo mai huji-huji a ƙasan bango, da ma na daɗe ina zaton ƙofar ɓeraye ce, na manna masa kwali. Da zan fita na shimfiɗa tawul a ƙasan ƙofa ta waje. Na sauka matakala ina jin daɗi a raina, ina cewa yau dai zai yi barci kamar a gida.

Ba shi ke nan ba. Da na dawo na same shi, kafin motar asibiti ta iso, na cire zanen, na ɓalle kwalin, na tura su ƙarƙashin akwatina. Ban san lokacin da hannuna ya yi ba. A'a, ƙarya nake, na sani. Tsoro ne.

Hitar ba ta da laifi. Tsohon nan ba shi da laifi. Jiya na same shi a matakala ya ce mini, "Ki yafe mini, sister, da na sani da na jefar da ita." Na kau da kai na wuce shi.

Ka ce hakkin jinin yana kanka. To ga ni. Ina jin tsoron alƙalin nan, ina jin tsoronka, amma wanda ya rubuta dokar nan shi na fi jin tsoro. Abu ɗaya nake roƙo. Ko me kuka yanke, ku gaya mini ko har yanzu ina da ƙofa a gidan nan, ko zan sake ganin Chundung. Idan ka ga Ngo ba za ta iya ɗauka ba, kada ka karanta mata.

Dinatu


Deptford
26 ga Fabrairu, 1975

Yaya Dalyop,

Ina fata kuna lafiya. Yau kwana ashirin da huɗu ban ji daga gare ka ba. Kullum da safe ina tsaye bayan ƙofa ina jiran ƙarar ramin wasiƙu. Saudatu ta ce an ce ana yajin aiki a gida saboda ƙarin albashi, wataƙila wasiƙu sun maƙale a Legas. Na ce mata wataƙila. Amma na san shirun mutanenmu. Idan gida ya juya wa mutum baya ba a rubuta masa, shiru ake yi.

Na daina zuwa coci. Ina zaune da Littafi, ina ta bin dokokin nan kamar mai taɓa ciwo. Rai a bakin rai, ido a bakin ido. Har akwai wurin da ya ce idan an tsinci gawa a saura ba a san wanda ya kashe ba, sai dattawan gari mafi kusa su fito su wanke hannuwansu. Yaya, Allahn da ba ya manta gawar da ba a san mai ita ba, shi ne zai manta da ni? Idan bas ya taho da gudu sai in ja baya daga bakin titi, in ce yau ce ranar. A wajen aiki na ƙone hannu da injin guga, ban ma yi ihu ba, na ce an fara.

Na gaya wa Saudatu komai. Da na gama ta ce, "Ke Dinatu, in Allah na neman ranki sai ya jira bas lamba arba'in da bakwai? Ci abincin nan kafin in ɗura miki." Na yi dariya, sai dariyar ta koma kuka. Ta ce a addininsu ma an raba kisan ganganci da na kuskure. Ta ce, "Duba naku da kyau, ba zai rasa ba."

Na duba. A Kubawar Shari'a sura goma sha tara na ga wani mutum da ya je saran itace da maƙwabcinsa, gatarin ya kwaɓe daga ƙota ya kashe maƙwabcin. Aka ce ya gudu wani birni ya tsira. Na ce ko ni ce. Amma shi ba wanda ya ja masa kunne a kan gatarinsa. Ni an ja mini. Kuma a ƙarshen surar nan ɗin ga dokar mai shaidar zur, cewa abin da ya so a yi wa ɗan'uwansa shi za a yi masa.

Kai ka yi makarantar Littafi. Gaya mini, ni wace ce, mai sa ko mai gatari? Zaman ranar sha ɗaya ga Maris ne.

Dinatu


Deptford
12 ga Maris, 1975

Yaya Dalyop,

Gaisuwa ga kowa, idan za a karɓa.

Jiya aka yi zaman. Na jira amsarka har safiyar ranar, ba ta zo ba. Na sa zanen a jakata ban san me zan yi da shi ba. Saudatu ta raka ni.

Ɗakin ba babba ba ne. Suka kira Mista Bernard, ya sa kwat ɗinsa na coci, hularsa a hannunsa. Suka tambaye shi shekarar hitar nawa, yaushe ya gyara lagwaninta. Suka ce, "Ka gargaɗe su a kan iska?" Ya juyo ya dube ni. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban tuna ba, ranka ya daɗe."

Yaya, ya tuna. Rufa mini asiri yake yi, zai ɗauki jinin a wuyansa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ya faɗa, ni ce ban ji ba." Na ciro zanen na ɗora a kan teburinsu, na faɗi komai, har kwalin da tawul ɗin, da Turancina mai karye-karye. Inda na kasa mijin Saudatu ya fassara. Ina gamawa na miƙa hannuwana, ina jiran ɗan sanda.

Ba wanda ya taɓa ni. Alƙalin ya cire tabaransa ya yi mini faɗa a kan ɓoyewar da na yi, sannan ya ce mutuwar haɗari ce, ya ce yana yi mini ta'aziyya. Shi ke nan. Suka mayar mini da zanen a ninke.

A waje Mista Bernard ya riƙe hannuna da hannu biyu. Yau da safe na ji rediyonsa.

Da na zaci in an sallame ni zan ji sauƙi. Ban ji ba. Baturen nan bai san Dung ba, ba shi ya haife shi ba. Sun ce ina iya tafiya gida yanzu. Wane gida? Ba zan yi booking ɗin jirgi ba sai na ji daga bakinku. Idan kuma shirun nan shi ne amsar, to ku ce wa Chundung uwarta ba ta gudu ta bar ta ba.

Dinatu


Kuru
17 ga Maris, 1975

Dinatu,

Muna lafiya. Ngo lafiya, Chundung lafiya. Na fara da haka don ki iya karanta sauran.

Wasiƙarki ta farkon Fabrairu ta yi mako uku a hanya. Amma ba zan laɓe bayan gidan waya ba. Ta iso, na karanta, na sa ta cikin Littafina na yi mako biyu da rabi ban amsa ba. Na yi fushi da ke. Lahadi biyu na ce wa dattawa maƙogwarona na ciwo, wani ya yi wa'azi. Ta biyun ta zo, ita ma na ajiye. Ki yafe mini kwanakin nan, na san yadda kika yi su. Ban san abin da kika faɗa wa alƙali ba, na bar ki kin shiga ke kaɗai.

Gaskiya sandar dukanki na shiga nema a cikin Littafi. Na koma surar da kika ambata don in nuna miki ba ki cikinta. Sai na ga abin da na yi shekaru ina tsallakewa. Allah bai tsaya ga cewa a keɓe biranen mafaka ba, ya ce a gyara hanyar zuwa can, kada ta yi nisa har mai bin hakkin jini ya cim ma mai gudu tun zuciyarsa na da zafi. Dinatu, mai zafin zuciyar nan ni ne. Tun kafin a haife ni Allah ya san halina, ya sa doka tsakanina da ke.

Kin tambaye ni ko ke mai sa ce ko mai gatari. Ba zan yi miki ƙarya ba, an ja miki kunne. Amma mai sa ya taɓa ganin sansa na tunkuyi, ke kuwa ba ki taɓa sanin iska tana ƙarewa a ɗaki ba. Kuma tambayar da dokar ke yi wa mai gudu ita ce, da ma yana ƙin mamacin? Wanda ya rubuta wannan ba hannu kaɗai yake dubawa ba. Yana kishin jinin Dung, wannan gaskiya ne, abin da na rubuta miki na farko ban janye ba. Amma shi ɗin ne dai yake kishin naki. A littafin Joshuwa an ce mai gudu ya tsaya a ƙofar birni ya faɗi maganarsa a kunnen dattawa, su kuma su shigar da shi su ba shi wurin zama. Ke kin tsaya kin faɗa. Ni ne na bar ki a ƙofa. Akwai kuma ranar komawa gida, wato idan babban firist ya mutu. Mako mai zuwa Jumma'a Mai Kyau ce. Kin san wanda ya mutu a ranar, Yesu babban firist ɗinmu.

Kin ce kada in karanta wa Ngo. Ita ta kama ni. Ta ce, "Dalyop, wace takarda ce kake ɓoyewa kamar ɓarawon kaza?" Na fassara mata duka. Sai ta ce, "Wane zane?" Na ce mai ruwan ganye. Ta yi kuka sosai. Ta ce, "Ni na ba ta, ni na ce mata ƙirjin yaron nan ba ya son sanyi, ta toshe masa ko'ina. Yana jariri haka nake yi masa, in rufe ƙofa da asabari in ajiye garwashi. Ciyawar jinka ce take fitar da hayaƙin ban sani ba. Da ni ce a can da na toshe fiye da nata."

Washegari na fito na same ta da lauje da fartanya a hanyar gidanmu. Kin san yadda shingen ƙerana ya matse hanyar, ko ranar da aka kawo akwatin sai a bakin titi mota ta tsaya. Na ce, "Ngo, me kike yi?" Ta ce, "Matsa ka ba ni wuri, Malam mai ciwon maƙogwaro. Yarinyar nan ba za ta sauka a titi ta ratsa idon mutane ba. Mota za ta kawo ta har ƙofa." Ban karanta mata dokar hanya ba, ba ta san da ita ba.

Yau kwana uku muna aikin, ni da ita. Ruwan ƙerana ya kumbura mata hannu ta ƙi bari.

Ki taho gida.

Wanki,
Dalyop


Deptford
29 ga Maris, 1975

Yaya Dalyop,

Na gaishe ku, na gaida Ngo da hannu biyu. Wasiƙarka ta zo ranar Alhamis. Na kasa buɗewa, sai Saudatu ce ta yage ambulan ta karanta layin farko, ta ce, "Tashi daga ƙasa, ba mutuwa ba ce." Na tabbata tawa ta ranar sha biyu ta same ka yanzu, ka san na faɗa.

Jiya na je coci. Na zauna a bencin baya.

Na yi booking, jirgin sha huɗu ga Afrilu. Ba zan ce tsoro ya tafi duka ba. Ina tsoron ganin kabarin, ina tsoron ranar da Chundung za ta girma ta tambaye ni, don ni zan gaya mata da bakina. Amma na daina ja baya daga bakin titi.

Zanen kuwa, da na so in ƙona shi. Na fasa, na wanke shi, zan kawo wa Ngo ta faɗi abin da za a yi da shi.

Ka roƙe ta ta ajiye laujen nan saboda hannunta. Idan hanyar ba ta ƙarasa ba a bar mini sauran, na iya fartanya.

Ka yi haƙuri da rubutun ya karkace, sanyi ne ya kama mini yatsu. Taga a buɗe take.

'Yarku,
Dinatu